Safiyar da Birkin Yaya Ya Nutse

Motar ba ta taɓa 'yata ba. Da wannan nake farawa duk lokacin da aka tambaye ni labarin, don in ban fara da shi ba muryata ba ta kai ni ƙarshe. Abin da taya ta taka kular abincinta ce, 'yar ja mai hoton zomo, ta lotse ta kamar an daka a turmi. Ita kuwa Aku, haka muke kiranta saboda surutu, na fizgo ta da hannu ɗaya muka zube tare a bakin kwata, gwiwarta ta ɗan kurje.

A ƙofar gidanmu yaran layinmu suke jiran motar makaranta, saboda akwai benci da inuwa. Direban motar yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙa kai ni makaranta a bayan keke ina ƙarama. Daga filin da motocin unguwa suke kwana zuwa ƙofarmu hanya ce miƙaƙƙiya ta ƙasa, babu kwana babu gangara, kuma mu ne tsayawarsa ta farko. Ran nan na makara, ban san me ya sa ba, ko gashin Aku ban gama ɗaurewa ba muka fito. Sai ga Yaya ya taho a hankali kamar kullum, amma bai rage gudu ba. Na hango fuskarsa ta gilashi, baki buɗe. Ya murɗa sitiyari, ya kauce wa bencin da yara suke zaune, ya daki ginshiƙin ƙofarmu.

Kafin in miƙe layi ya cika. Yaya ya fito ya bar ƙofar motar a buɗe, ya durƙusa yana shafa yaran ɗaya bayan ɗaya, ya kasa cewa komai. Mata na salati. Bakaniken unguwa, wanda ake kira Sha-Yanzu saboda bai taɓa ce wa mai mota "dawo gobe" ba, ya zo a guje da silifa ɗaya ya faɗa kujerar direba. Ni dai ina duba kan Aku da haƙoranta.

Da ƙyar magana ta fito wa Yaya. "Birki ne," ya ce. "Na taka, feda ta nutse har ƙasa kamar na taka auduga. Na sake takawa, haka."

Wani uban yara ya leƙa cikin motar. "Sha-Yanzu, tunda kana ciki, taka mu gani."

Sha-Yanzu ya taka. Bai ɗago kai ba ya ce, "Yana ci."

Mutumin ya ce ya sauka shi ma ya gwada. Ya gwada, wani ma ya gwada. Feda ta tsaya gam kamar dutse. Daga nan maganar ta juya.

"Gyangyaɗi ya yi. Ai matarsa ta haihu, jariri ba ya barinsu barci."

"Wane gyangyaɗi? Waya yake latsawa. Duk haka suke."

"Kuma don rashin kunya ya ɗora wa birki."

Shugabar makarantar, wadda yara ke kira Anti Babba, ta iso a kan babur. Mace ce mai adalci, ba ta yi ihu ba. Ta ƙirga yaranta, ta karɓi mukulli daga hannun Yaya, ta ce da yamma za a zauna da iyaye a filin motoci. In birkin lafiya yake, ba za ta iya sake ba shi 'ya'yan mutane ba. Uban nan da ya fara gwadawa ya ce shi daga taron ofishin 'yan sanda zai wuce.

Sha-Yanzu ya matso kusa da ni. "Uwar Aku, bari mu tura ta gareji in gyara bambar gaba da ta lotse yanzu-yanzu. Kyauta, don Allah."

Ni tela ce. In kekena ya cije, ba na barin kowa ya buɗe shi sai na ga inda zaren ya harɗe da idona. Na ce masa motar ba za ta motsa daga ƙofata ba sai maigidana ya dawo ya ga ginshiƙinsa. Na kira surukata, na zaunar da ita a kan bencin da Aku a cinyarta, na ce ko ƙuda kada ta bari ya sauka a jikin motar.

*

Na sami Yaya a falona, zaune a ƙasa, ya jingina da bango. Na haɗa masa shayi. Na daɗe ina juya cokali kafin abin da ke cin raina ya fito.

"Yaya, tsakaninka da Allah, ka tabbata ka taka?"

Ya ɗago ya dube ni. "Har ke?"

"'Yata ce a wurin, Yaya."

"Ni kuma 'yar wa ce a wurina?"

Ya tashi ya fita tsakar gida, shayin ya huce a inda na ajiye. Na tsaya da cokali a hannu. Ina son yayana, amma in gyangyaɗi ya yi, wallahi ni ce ta farko da za ta ce a karɓe mukullin. In kuma gaskiya ya faɗa, to akwai wani abu a jikin motar nan da ke ɓuya, kuma gobe wani direban za a ba ta da 'yata a ciki. Ko ta wane ɓangare, sai na sani.

*

A ƙarshen layinmu akwai wani tsoho, abokin marigayi surukina, da ake kira Baba Mai Sawu. A ƙuruciyarsa shi ake nema in shanu sun ɓata ko ɓarawo ya haura katanga, ya bi ƙasa har ya kai ƙofar da abin ya shiga. Yanzu igiya yake tufkawa yana sayarwa a bakin ƙofarsa. Na durƙusa na gaishe shi na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"'Yar nan, ni ban san mota ba. Ko shigarta nake yi sai na rufe ido."

"Baba, ai a ƙasa take tafiya."

Ya yi dariya har da tari. "Kin kama ni. Miƙo mini sandata. Ina amaryata? An ce ta kusa barina gwauro."

Da muka iso ya tsokani Aku, ta ce ita ba ta auren mai furfura, sannan ya juya wa motar baya gaba ɗaya. Ƙasa ya kama kallo. Mutane sun tattake gaban ƙofar, don haka ya koma baya can wajen falwayar wuta, ya tsuguna, ya taho yana bin zanen taya da kan sandarsa.

"Zo ki gani. Daga ina sawun ya fara lanƙwasa?"

"Daga falwaya."

"Tsakanin falwaya da benci akwai tazara. Mai gyangyaɗi sai ya ji ƙara yake farkawa. Wannan tun daga nan ya ga yara, ya zaɓi ginshiƙi. Idonsa biyu." Ya shafa sawun da tafin hannu. "Kuma tayar ba ta ja ƙasa ba ko kaɗan, birgima take yi har ta daki gini. Mutumin da ya farka har ya kauce wa benci, me zai hana shi taka birki?"

"To me ya sa yanzu yake ci?"

"Shi muke nema."

Muka bi hanyar da ƙafa har filin motoci. Na taɓa jin Yaya yana cewa in man birki ya tsiyaye feda takan nutse, don haka na ce wa Baba mu duba ɗigo. Muka duba, shi da ido, ni da sunkuyo. Ko ɗigo ɗaya babu.

*

Maigadin filin yana kan kujerarsa yana sauraron rediyo. Shi da Yaya ba sa ga-maciji tun ranar da suka yi faɗa a kan ruwan wankin mota, kuma tun da safe wasu sun fara raɗa cewa ƙila shi ya yanka wani abu a ƙarƙashin motar. Yana ganinmu ya kashe rediyon.

"In ni kuka zo tuhuma, ku koma. Babu wanda ya shigo filin nan jiya, ni kuma ban taɓa motar kowa ba."

"Wa ya tuhume ka, sarkin ƙofa?" in ji Baba. "Gaisuwa muka zo. Nuna mini makwancin motar yara."

A wurin akwai wani baƙin tabo a ƙasa. Na ce ga shi nan. Baba ya dangwala da yatsa ya murza, ya shinshina, ya tona da farce. "Wannan ya girmi amaryata," ya ce. "Ƙasa ta sha shi tun tuni, har ƙura ta hau."

Abin da ya tsayar da shi daban ne. Dab da inda tayoyin gaba suke tsayawa, hagu da dama, akwai shatin katako a ƙasa, ya nutse sosai kamar an ɗora masa nauyi. Kusurwarsa ɗaya a guntule take. Gefen kowane shati akwai gurbin gwiwar mutum.

"Jak aka kafa a kan katako," na ce. Na sha ganin ana yi.

Baba ya miƙe. Ya matsa makwancin da ke kusa, ƙarƙashin bishiya. Shatin nan dai, hagu da dama, da guntulalliyar kusurwa.

"Nan na wane ne?"

"Mai Burodi," in ji maigadi. Sai fuskarsa ta saki, ya ga an sami wanda ya fi shi zama abin zargi. "Ai shi da direban yara kullum cikin rigima suke a kan inuwar bishiyar nan. Motarsu ma iri ɗaya ce, fenti ne kawai ya raba. Shi tasa tsohuwa, in ta tsaya sai ka ce an taka wutsiyar kare."

"Yana ina?"

"Tun asuba ya fita rabo. Sai la'asar."

A hanya na ce wa Baba ai magana ta ƙare, Mai Burodi ne. Ya ce, "Kin ga sawun akuya a bakin rumbu, ba ki ga wanda ya buɗe ƙofa ba."

*

Garejin Sha-Yanzu katanga ɗaya ce ta raba shi da filin, akwai ma 'yar ƙofa a tsakani. Muka same shi yana goge sifanar da ba ta da datti. Baba ya ce gwiwoyinsa sun gaji, ya jawo wani katako daga ƙarƙashin tebur ya ɗora a kan tsohuwar taya ya zauna.

"Ɗana, yaushe rabonka da birkin motar yara?"

"Kwanan nan na sa mata sababbin takalma, Baba. Fil, daga kwali. Direban yana tsaye."

"Mota ma takalmi gare ta? Ka ga jahilcina."

Sha-Yanzu ya ɗan saki jiki, ya ɗauko wani ya nuna masa. Guntun ƙarfe ne kamar tafin hannun yaro, da wani abu mai kauri manne a fuskarsa. Ya ce a bayan kowace taya ta gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ita. In an taka feda, mai ne ke tura takalman nan su matse faifan, mota ta tsaya. In kaurin ya cinye, sai ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe.

"Shi ne kukan da ake ji?" in ji Baba.

"Shi ne. In kuka ya zo da taka birki, takalmi ne. In gurnani ne da ke ƙaruwa da gudu, ko ba a taka komai ba, boris ne, 'yan ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu. In ƙwas-ƙwas ne wajen shan kwana, wani abu ne daban." Ya juyo gare ni. "Uwar Aku, ki bari in ɗauko motar nan mana. Rana tana yi."

"Maigidana bai dawo ba."

Baba ya miƙe, ya mayar da katakon inda ya ɗauko, ya yi godiya. Na lura babban yatsansa ya daɗe a kan kusurwar katakon.

*

Bayan azahar na je makaranta na roƙi Anti Babba aron mukulli. Ta ce ba za ta bayar ba, amma za ta zo da shi da kanta. Baba ya sa aka kore yara daga layi. Yaya ya shiga ba tare da ya kalle ni ba, ya ja motar baya, ya miƙe ta a kan hanya.

"Tafi kamar tafiyar tsohuwa," in ji Baba. "In na ɗaga sanda ka taka."

Ni da Baba muna tafe gefen tayar gaba. Ya ɗaga sanda.

Ƙiiii, sannan wani gurzo a ƙarshe, kamar ana jan tukunya a kan siminti.

Kafin kaina ya gane, ƙafata ta riga ta juya za ta shiga gida ɗora ruwan wanka. Na san kukan nan. Kowace asuba motar burodi takan tsaya a shagon da ke kallon tagata, kuma wannan kukan ne agogona. Da shi nake tashi in haɗa wa Aku ruwa.

"Baba," na ce, "wannan ba muryar motar Yaya ba ce. Ta Mai Burodi ce. Yau da asuba ban ji ta ba, shi ya sa na makara."

Yaya ya riga ya sauko. Ya ciro jak daga bayan mota, ya kwance tayar da hannunsa, ya leƙa, ya daɗe a tsugune. Ya zaro takalmin ya ɗora a tafina. Siriri ne kamar reza, gefensa ƙarfe tsirara yana sheƙi.

"Wannan ba nawa ba ne. Nawa da kaurin yatsa." Sai ya dafe kai. "Wayyo Allah. Shi ya sa. In aka cire mai kauri aka sa siriri, gibi yake bari tsakaninsa da faifai. Sai an tattaka feda, an tattaka, an tattaka, kafin mai ya turo shi ya cike gibin. Kafin nan feda fanko ce. Ko sabo aka sa, ba a fita da mota sai an yi haka. Ni kuma daga fili zuwa nan babu abin da ke sa ni taka birki."

"Wanda ya sauya bai san haka ba ke nan?" in ji Anti Babba.

"Ko ya sani, motar a kulle take kwana, mukulli yana aljihuna. Taya ana kwance ta daga waje. Feda sai an shiga."

Baba ya dogara sandarsa. "Kai ka ce sau biyu ka taka. Sau biyu zai cike gibin?"

"Ba zai cike ba."

"Amma da mutane suka gwada, a cike yake." Ya juyo gare ni. "'Yar nan, sawun ƙofarki an tattake shi, sai wanda ya rage a idonki. Koma safiya. Kada ki yi sauri. Kin faɗi, kin ɗago kai. Wa kika gani, a ina, yana me?"

Na rufe ido na bi safiyar a hankali. Da na kai wurin, sai na buɗe ido. Na faɗa masa a kunne. Ya ce in riƙe shi sai yamma.

*

Iyaye sun taru a filin motoci bayan la'asar, wasu a tsaye, wasu a kan bencin maigadi. Yaya, da ya riga ya mayar da takalmin, ya kawo motar yara ya tsayar, ta yi kukanta, mutane suka toshe kunne, ya mayar wa Anti Babba mukulli. Sha-Yanzu yana jingine da 'yar ƙofar garejinsa. Ba a jima ba sai ga motar burodi ta shigo, ta zagaya, ta tsaya a inuwar bishiya shiru kamar kyanwa.

Maigadi ne ya fara magana. "A'a! Yau kare ya warke?"

Mai Burodi ya sauko yana murmushi, da ya ga idanu a kansa murmushin ya gudu. Baba ya sa aka sake zaro siririn takalmin ya nuna wa jama'a, ya nuna shatin katako a makwancin motocin biyu, ya bar Yaya ya yi bayanin gibi. Uban nan mai maganar 'yan sanda ya yi kan Mai Burodi.

"Saboda inuwar bishiya za ka kashe mana 'ya'ya?"

"Ni? Wallahi ban san sifana da cokali ba! Ku tambayi kowa, ko taya ta yi faci sai na kira mutum. Na daɗe ina bin Sha-Yanzu ya raba ni da kukan nan, masu shago suna mini dariya. Jiya da yamma na ce in bai gyara ba zan kai wani gareji. Da asuba na zo na tarar ya bar mini saƙo wurin maigadi cewa an gama, in tattaka birki kafin in fita."

"Sarkin ƙofa," in ji Baba, "ka ce babu wanda ya shigo."

"To ai babu. Sha-Yanzu ɗan gida ne, ta ƙofarsa yake shiga da fita. Shi ma mutum zan ƙirga shi?"

Wasu suka yi dariya, Sha-Yanzu bai yi ba. "Na gyara motar burodi, gaskiya ne," ya ce. "Sababbi na sa mata."

"Katakonka mai guntun kusurwa ya kwanta a makwancin motar yara," in ji Baba.

"Baba, katakon nan duk filin nan wa bai taɓa aronsa ba?"

"Wannan haka ne," in ji Baba, ya gyaɗa kai. "Katako ba ya rantsuwa. Uwar Aku, faɗa musu."

Ban saba magana a gaban maza da yawa ba, amma na tuna kular nan.

"Da motar ta daki gini, kowa kan yara ya yi. Har wanda ba shi da ɗa a wurin. Kai kaɗai ka wuce mu, da silifa ɗaya, ka shiga kujerar direba. Ina ƙasa, ƙofar a buɗe take, daidai idona. Na ga gwiwarka tana hawa tana sauka, tana hawa tana sauka, kamar mai taka keken ɗinki. A lokacin Yaya bai buɗe baki ba. Babu wanda ya ce birki. Wa ya gaya maka birki ne?"

Sai Sha-Yanzu ya sulale jikin ƙofar ya zauna a ƙasa.

"Aro na yi," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Wallahi aro. Irin takalmin ya yanke a kasuwa, sai mako mai zuwa. Duk bakanike yana yi, ka ciro daga motar da ke kwance ka sallami mai sauri, kaya su zo ka mayar. Na san yau ake fara hutun makaranta, motar za ta kwana har mako guda. Wa zai taka ta?"

"An ɗaga hutun zuwa gobe," in ji Anti Babba a hankali. "Saboda jarrabawar da ta rage."

"Ban sani ba. Ina wanke fuska na ji tashin injinta. Na biyo ta da gudu ina kira, bai ji ni ba."

Na yarda da shi. Na ga silifa ɗayan. Kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

"Aron na ji shi," na ce. "Gudun ma na ji shi. Amma da aka ce ka taka mu gani, kana da baki. Ka ce yana ci. Ka tsaya kana kallo ana ce wa yayana maƙaryaci, har ni ƙanwarsa na tambaye shi ko ya tabbata. Wuni guda kana bina in ba ka mota ka binne abin. Da na ba ka fa?"

Ya rufe fuska da hannayensa masu baƙin mai.

Uban nan ya ce har yanzu maganar 'yan sanda tana nan, sai dai an sauya wanda za a kai. Aka yi ta ja. A ƙarshe aka bar wa Yaya zaɓi, tunda shi aka ɓata wa suna. Ya ce shi ba ya son ya raba mutum da 'ya'yansa, amma Sha-Yanzu zai mayar da takalman yanzu a gaban kowa, motar burodi kuma ba za ta fita ba sai nata sun iso, sannan hannunsa ba zai sake taɓa motar yara ba. Mai Burodi ya fara ƙorafin masu shagonsa, Baba ya ce masa in yana sauri ga igiya yana sayarwa, ya ɗaura kwandon burodin a ka.

Anti Babba ta miƙa wa Yaya mukulli da hannu biyu. Uban nan ya tsaya yana sosa ƙeya, daga baya ya je ya ba shi hannu.

*

Ranar da aka koma makaranta, Aku ta ƙi fita. Ta riƙe zanena da sabuwar kularta, ta ce motar Kawu tana cin kula. Tun ranar taron Yaya yake gaishe ni sama-sama, kamar maƙwabciya.

Ya tsaya a ƙofarmu, motar ba ta yi ko tari ba. Sauran yara suka shiga. Ya dubi Aku, ya dube ni, sai ya ja birkin hannu, ya sauko ya bar ƙofar a buɗe.

"Shiga," ya ce mini.

"Ni? Yaya, ban iya ba."

"Ba tuƙi na ce ki yi ba. Fedar tsakiya, ta birki. Taka da ƙarfinki."

Na tattare zane na hau. Na taka. Ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya, na danna da duk ƙarfina, ta ƙi.

"Kin tabbata?" ya ce. "Tsakaninki da Allah?"

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata. "Yaya, ka yi haƙuri."

"Da ba ki tambaya ba, da ba ki je wurin tsohon nan ba. Sauko mini daga kujera, kina ɓata wa mutane lokaci. Gobe ma ki zo ki taka, ba na hana ki."

Na sauko, na ɗaga Aku na sa ta a kujerar da ke bayansa, na ɗora mata kular a cinya. Ta leƙo ta taga tana ba ni umarnin abin da zan dafa. Na tsaya a bakin ginshiƙin da ba a gama gyarawa ba har suka kai shagon gaba, jajayen fitilun baya suka kama, motar ta tsaya wa yaran can. Sannan na shiga gida.